Ranar da Surukina Ya Daka Mini Tsawa a Kan Ruwa

A da, idan na sauka daga jirgin ƙasa a Lyon, surukina yakan tarbe ni a tasha, ya rusuna ya gaishe ni idonsa na ƙasa, ya karɓi jakata, sannan mu kama hanyar Vaulx-en-Velin a mota ba wanda ya ƙara cewa uffan. A gida ba ya zama a kujerar da nake zaune, ba ya cin abinci inda zan gan shi. Yanzu kuwa tun kafin in gama ɗaura bel ya fara yi mini gardama a kan ƙwallo. Na san ranar da abin ya sauya, kuma ba rana ce da na fito a cikinta da girma ba.

Mijin autata ne. A Faransa aka haife shi, amma iyayensa mutanen Tawa ne, mahaifiyarsa kuma ta koya masa kunyar surukai irin ta zamanin da ta baro gida. Ya riƙe ta fiye da yadda ake riƙonta yau a Tawar kanta. Ni kuwa aiki ya kai ni Dakar da Alƙahira da Montreal kafin in yi ritaya in zauna a Stains, a gefen Paris. Na ga ƙasashen da suruki ke kiran uban matarsa da sunansa, har ya dafa masa kafaɗa, sai na riƙa jin daɗin cewa nawa daban ne. In za a faɗi gaskiya, shirunsa ya yi mini daidai, domin mutumin da ba ya amsawa ba ya ƙaryata ka. Duk sa'adda na je, sai in cika falon da labari.

Labarin da na fi maimaitawa na kamun kifi ne. Na san yana son abin, don ina ganin sandunansa na kamun kifi jingine a bayan ƙofa, kuma yana da ƙaramin kwalekwale da yake ja a bayan mota. Saboda haka nakan ba da labarin ƙuruciyata a tafkin Madarunfa, da tarwaɗar da na kama da hannu, wadda kowace shekara take ƙara tsawo. Abin da ban taɓa faɗa ba shi ne, kawuna ne masunci. Ni aikina riƙon kwando ne a bakin ruwa, kuma ruwa ya wuce gwiwa tsoronsa nake ji.

A wata ziyara da na kai cikin Yuli, 'yata ta tare ni a kicin tana yanka albasa. Auta ce, ba ta taɓa jin nauyin bakina ba.

"Baba, yara sun tambaye ni me ya sa babansu yake zama bebe in ka zo. Babbar ta ce ko kai ne shugabansa a wurin aiki."

"Ladabi ne," na ce. "Ku yaran nan ba ku san shi ba."

"Shekara tara ana ladabi. Ni na gaji da zama tafinta tsakanin mutum biyu da duk suna jin Hausa. In ka zo, sai ya ƙirƙiro aiki ya bar gidansa. In haka za a ci gaba, gara ni da yara mu riƙa zuwa muku Paris, shi ma ya huta." Ta juyo da wuƙar a hannunta. "Asabar za ku tafi ruwa tare. Na riga na cire maka kartin izinin kamun kifi na yini ɗaya. Ba kai ne sarkin ruwan Madarunfa ba?"

Na fahimce ta sarai. Ɗakin da ake gyara mini a gidan nan, da jikokin da ke hawa kaina da safe, su ne a kan sikeli. Amma maimakon in yi tunani a kan wannan, sai na ɗauki waya na kira matata Hajiya a Stains na ce ta tanadi tattasai da albasa, Lahadi ina tafe da kifin Lyon. Kafin la'asar ta gaya wa maƙwabciyarmu ta hawa na uku.

Asabar bayan sallar asuba na fito cikin kaftani ruwan toka da hulata ta zanna, ina ɗauke da akwatin ƙanƙara da na aro a kicin, da wuƙa, da gishiri a leda. Surukina ya dubi akwatin, ya buɗe baki, ya rufe. Ya karɓa ya sa a mota.

Tafkin ba shi da nisa da unguwarsu. Ya sauke kwalekwalen, ya miƙo mini rigar ceto mai ruwan lemo da hannu biyu. Na ɗora ta a kan kaftani, na zama kamar katifa da aka ɗaure da igiya. Kwalekwalen bai fi tabarma biyu tsawo ba. A shekara tara ba mu taɓa zama kusa haka ba, gwiwata tana kusan taɓa tasa. Ya juya mini rabin baya, ya kunna ƙaramin injin batir, muka lallaɓa ba ƙara.

Na zaci zan ga tsutsa ko ƙullun dusa. Sai ya buɗe wani akwati cike da kifayen roba, kore da shuɗi da mai ƙyalli, kowane da ƙugiya a cikinsa. A gefensa akwai ƙaramin allo mai nuna abin da ke ƙarƙashin ruwa. Kawuna yakan duba kalar ruwa da inda tsuntsaye ke sauka. Shi wannan talabijin yake kallo.

Ya miƙo mini sanda mai ƙaramin injin naɗe zare. Bai nuna mini yadda ake yi ba, don ta yaya zai koya wa sarkin ruwa jifa? Ni kuma ban tambaya ba. Na saci kallon hannunsa, na ɗaga, na wurga. Kifin robar ya faɗi a gabana, zaren ya cukurkuɗe kamar taliya. Ya karɓa ya warware a natse, ya mayar mini. Na sake, ya sake. A jifa na huɗu ƙugiyar ta kama hulata ta baya, ta cire ta daga kaina, ta kai ta nesa fiye da duk inda na iya jefawa ranar. Muka zauna muna kallonta tana yawo a kan ruwa. Kafaɗunsa sun ɗan motsa, amma ko sauti bai yi ba. Ya juya kwalekwalen, ya tsamo ta da ragar kwasar kifi, ya matse, ya miƙo mini da hannu biyu.

Kusa da ciyayin bakin ruwa sandarsa ta lanƙwashe. Wani kifi kore mai faɗin baki ya yi tsalle ya girgiza kai a iska. Bas suke kiransa. Ya jawo shi, ya riƙe shi ta leɓe, ya zare ƙugiyar. Na buɗe akwatin ƙanƙara. Sai na ga ya sunkuya ya sa kifin a ruwa, kifin ya kaɗa jela ya tafi.

Na ɗauka suɓucewa ya yi. "Ba komai, Malam," na ce. "Ba rabonmu ba ne. Allah ya kawo wani."

"Amin, Baba."

Allah ya kawo wani, wanda ya fi na farko. Wannan karon na zuba ido. Ya ɗauke shi hoto, ya riƙe shi a cikin ruwa yana ɗan shafa shi har ya farfaɗo, sannan ya buɗe hannu. Da gangan ne. Na ci abinci a ƙasashe da yawa, na ga masu cin ɗanyen kifi da masu cin ruɓaɓɓe, amma ban taɓa zama kusa da mutumin da zai tashi da asuba ya kama abincinsa ya yi masa hoto ya sallame shi ba. Na so in tambaya. Amma kunyar da na shekara tara ina yabo ta kama ni ni ma. Na rufe akwatin a hankali.

Da rana ta ɗaga, ya kai mu inda ruwa ke da zurfi. Ya canza mini kifin roba, ya saki nasa tsaye zuwa ƙasa yana ɗan ɗagawa yana saukewa. Wannan ba ya buƙatar jifa, na san kuma saboda ni ya zaɓe shi. Na kwaikwaye shi. Zafi ya taso, rigar ceto ta jiƙa mini baya, na fara gyangyaɗi.

Sai na ji an ƙwanƙwasa sandar sau ɗaya, kamar baƙo a ƙofa, sannan ta yi nauyi. Duk abin da na saci kallo tun safe ya fita daga kaina. Abin da ya rage shi ne hoton kawuna tsaye a kan ruwa yana jan igiya da hannu. Na ajiye sandar, na miƙe tsaye, na damƙi zaren na fara ja. Zaren siriri ne, ya yanka mini yatsa. Kwalekwalen ya karkata, ruwa ya shigo ta gefe, akwatin ƙanƙara ya gangaro ya bugi ƙafata.

"Baba..." ya ce a hankali.

Ban saurare shi ba. Na ƙara sunkuyawa.

"Baba, zauna! Kai, zauna na ce! Assieds-toi! Za ka kifar da mu!"

Ya cafki rigar ceton ta baya ya dankwafar da ni a kan benci. Tun rasuwar mahaifina ba wanda ya daka mini tsawa irin wannan. Wasu Turawa biyu a wani kwalekwale suka waiwayo.

"Saki zaren! Ɗauki sandar! Ɗaga kanta sama. Sama, Baba, ba gefe ba! Yanzu naɗa. A hankali, ba injin markaɗe ba ne. Voilà. Tsaya. Bar shi ya ja. Naɗa kuma."

Na bi umarni kamar sabon kurtu. Can sai ga shi ya taso, dogo, ruwan toka da ratsin duhu, ƙayoyin bayansa a miƙe, idonsa fari kamar gilashi. Sandre ne, kifin zurfi. Na taɓa cin ɗan uwansa a Kanada soyayye da man shanu, amma ban taɓa ganinsa da rai ba. Surukina ya kwashe shi da raga. Jini yana ɗiga a kan kaftani, ina ta faɗin "Alhamdu lillahi" da ƙarfi.

Ya kwantar da kifin a kan wani ma'auni da aka manna a gefen kwalekwalen. Akwai jan layi a jikinsa. Jelar kifin ta tsaya kafin layin da kamar yatsa biyu.

"Bai kai ba, Baba."

"Me bai kai ba?"

"Doka ce. In bai kai layin nan ba, sai a mayar."

Na sa hannu na ja jelar, ko za ta miƙe. Na ce ma'aunin ya karkace. Na ce a Madarunfa wannan sai a kira maƙwabta. Na yi bayani da Hausa, na koma Faransanci irin na ofis, har na jefa Larabci kaɗan. Na ce Hajiya ta riga ta sayi tattasai.

"Na sani," ya ce. Karo na farko ke nan da ya dubi cikin idona. "Tun da na ga akwatin nan da safe nake son in gaya maka, na kasa. Ko ya kai ma ni sakinsu nake yi, amma naka da na bar maka. Wannan dai bai kai ba. Kuma yana shan wuya muna magana."

Na dubi kifin, yana buɗe baki yana rufewa. Na san in na nace zai yi shiru, ya sunkuyar da kai, ya bar ni in sa shi a akwati, mu koma gida yadda muka fito. Na ce, "To nuna mini yadda ake yi."

Ya ɗauke ni hoto da sauri. Ya jiƙa mini hannu, ya nuna mini inda zan riƙe don kada ƙaya ta soke ni. Na sa kifin a ruwa ina zaune, ba tsaye ba. Ya ɗan tsaya a tafin hannuna, sannan ya kaɗa sau ɗaya ya nutse.

Ya ɗaure mini yatsa da filasta. Sannan ya ciro burodi da cuku da 'yata ta naɗe mana, ya tsaya yana juya ledar, don babu inda zai ɓuya ya ci. Na karɓa na raba biyu na miƙa masa. Muka ci.

"Malam," na ce, "tarwaɗar nan ta Madarunfa. Kawuna ne ya kama ta. Ni kwando na riƙe."

"Na sani, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun da ka riƙe sandar a juye." Ya yi ƙoƙarin haɗiye burodin, ya kasa. "Amma hular nan, walla, jifa ne mai kyau. Ni ban taɓa kai nan ba."

Dariyar da ya tara tun safe, ko tun shekara tara, ta ƙwace masa, har sai da na tuna masa kada ya kifar da mu.

Da muka shiga gida yana ba da labarin hular tun daga bakin ƙofa, 'yata ta dube shi, ta dube ni, ta koma kicin. Lahadi na isa Stains hannu rabbana, na nuna wa Hajiya hoton a waya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To Alhaji, soya shi za a yi ko farfesu?" Ranar miyar tattasai muka ci da ƙwai, aka aika wa maƙwabciya nata.

Har yanzu ɗakina yana nan a Vaulx-en-Velin, kuma duk Yuli muna fita ruwa, ni a zaune. Na daina ba da labarin tarwaɗa. Surukina yana gaishe ni da rusunawa kamar da, amma daga ranar nan a faranti ɗaya muke ci, kuma in na faɗi abin da ba haka ba ne, yakan ce mini ba haka ba ne.