Turaren Sajan

Sajan suke ce mata, duk da ba ta taɓa riƙe makamin da ya wuce sandar mopa ba. Ita ce shugabar masu shara da goge-goge a wani dogon bene na ofisoshi. Da bokiti ta fara tun tana amarya, ta wanke banɗakunan ginin nan har tafin hannunta ya yi kanta, sannan aka damƙa mata makullan sito. Ba ta iya yabo ba. In ka goge taga da kyau, sai ta duba ta wuce. Wucewar nan ita ce sannunka.

Abu ɗaya take yi wa kanta gata da shi, turare. Kuma ba mai sanyin nan na furanni ba. Nata kamar an buɗe sabon akwatin katako an watsa kanumfari da masoro a ciki, ya daki hanci tukuna, daga baya ya kwanta. 'Yarta takan ce, "Umma, wannan ai turaren mai shirin faɗa ne." Ita kuma ta ce, "Wa ya ce miki wasa zan je?"

Ƙamshin kan riga ta isa ko'ina. Tana kan matakala, an ji shi a baranda. Masu danna waya su cusa ta aljihu, masu gulma su rarumi tsumma. Dogo mai goge gilashi ya ɗaga hanci kamar akuya, ya ce, "Jama'a, katako ya taso!" Su a ganinsu wayo suka yi mata. Ita kuwa tana sane, shi ya sa take ƙara fesawa kafin ta fara zagaye. Ba ta ƙarya, abin da idonta ya gani sai ta kai sama. Don haka ta fi son kada ya gani.

Wanda ya fi kowa cin moriyar abin shi ne Kawu, tsohon da ke goge hawan ƙarshe. Aikinsa fes, sai dai gwiwoyi sun riga shi tsufa. Yakan kifa bokiti a bayan ƙofa ya zauna su lafa. A gida kuwa jikoki ne birjik, duk hannunsa suke kallo.

Ana nan sai aka kawo sabon manaja, yaro mai zafin nama. Ya kafa doka: duk wanda aka samu a zaune lokacin aiki, ya tuɓe rigar aiki ya kama gabansa. Kuma da shi za a riƙa zagaye. Ranar farko bai taka matakalar kirki ba ya ɓarke da atishawa, har da hawaye.

"Mama, don Allah," ya ce yana share ido, "ki taimaka mini."

"Yallaɓai, ni zan tafi ko turaren?"

"Turaren kawai."

Washegari ta zo salam, babu ƙamshin komai sai sabulu. Suka iske Dogo yana tiƙar rawa da mopa. Allah ya taimake shi a tsaye yake. Da suka kai hawan ƙarshe, ta hango ɗan yatsan ƙafa ya leƙo ta ƙasan ƙofa. Kawu ne a zaune. Nan take ta ɗaga kai ta nuna wa manaja wani tabon ruwa a silin, ta yi ta bayani a kansa da ƙarfi, ita da maganarta ba ta wuce "to" da "sake gogewa." Sai da ta ji ƙarar bokiti ta yi shiru.

Wannan dabarar ba ta kullum ba ce, tabon ɗaya ne. Kuma ba za ta iya ja wa Kawu kunne ba, don in ta faɗa, ta amsa cewa ta sani ke nan.

Da aka tashi aiki ta biya kasuwa. Da safe sai ga ta da takalmi mai tsini, irin na 'yan matan banki, ƙwas ƙwas ƙwas, ana jiyo shi tun daga ƙofar shiga. Tana tafe tana cije leɓe, kamar mai taka ƙaya.

Manaja ya dubi ƙafarta. "Mama, wannan takalmin fa?"

"Shi ma atishawa yake sa ka, Yallaɓai?"

Ya juya ya nufi matakala.

A hawan ƙarshe suka tarar da Kawu a tsaye ƙyam, yana ta dirzar tayil.

"Sajan, an yi sabon takalmi," in ji shi. "A kashe lafiya."

"Kawu, ga kusurwa can ka tsallake," ta ce, ta ɗingisa ta wuce.