Hayaƙi a Bayan Asibiti

Da an sallame sallar asuba, Hajiya Zulaihatu za ta buɗe ƙaramin asibitin ƙauyenmu, nan kusa da Yankara, ta hura gawayi ta dafa almakashi, don wutar lantarki sai dai labari. Nas ce ta gwamnati, amma jinya ta gada. Kakarta ungozoma ce, kuma tun kafin a san farar riga mata ne ke kwana kan marar lafiya, su goge amai su wanke miki, ba mai kiran abin aiki. Da 'yan bindiga suka matsa wa yankin nan, ma'aikata suka yi ta neman canji zuwa Funtuwa. Ita ko ta zauna.

Kowa ya san faɗanta kan wankan jego. Shekara da shekaru tana yi wa tsofaffi tsawa: "Ku kashe mini ɗiyan mutane da tafasasshen ruwa da kanwa, ku kawo mini su da kumburarrun ƙafafu!" Har suna suka sa mata, Mai-hana-wanka.

Sai ga Shafa'atu. 'Yan bindiga suka kai hari suka ɗauke ta daga gona, ta daɗe a daji, aka sako ta da ciki. Uwarta ta rasu ranar harin. Mijinta Mani ya aiko da saki tun kafin ta haihu. A hannun Hajiya ta haihu, a asibitin ta ci gaba da kwana, don ba gidan da ya ce ta zo. Ta juya fuska bango, ta ƙi ci, ta ƙi ba jaririyar nono. Yarinyar ta yi kuka har murya ta dishe, jikinta ya fara saki. Allura ba ta maganin wannan, Hajiya ta sani.

Ta zauna bakin gado ta ce, "Ɗiyata, mi kike so?"

Da kyar Shafa'atu ta ce, "Inna, ni ko ruwa ba a ɗora mini ba."

Wayyo! A wajenmu hayaƙin tukunyar jego shi ke shaida wa gari cewa mai haihuwa tana da mutane. Washegari Mai-hana-wanka da kanta ta kafa murhu bayan asibiti, ta yanko ganyen bedi, wato darbejiya, ta sirka ruwan yadda ba zai ƙona ba, ta yi mata wanka kamar uwa. Tsofaffi suka leƙo ta katanga, wata ta ce, "Yau ga Hajiya da tukunya!" Ta ce, "In ba ice kuka kawo ba, ku ba ni wuri." Biyu suka kawo. Sauran har yau ba su gaida Shafa'atu. Amma a ranar ta jawo ɗiyarta ta sa mata nono, Hajiya ta fita waje ta yi kukanta. Haka ta riƙe wankan har arba'in, yarinya ta rayu.

Ke ce uwar waɗanda aka rufe wa ƙofa, Hajiya. Watan gobe za ki aje aiki, gwiwa ta gaji, kuma wadda aka turo madadinki ta ce ba ta zuwa. Mun gode, Allah Ya saka miki da Aljanna. Ku kuma matan garin nan, akwai 'ya'yanmu da ke daji har yanzu. In Allah Ya maido su, kada ku jira nas. Ku fito ku tarbe su.