Shekara Biyar Bayan Kawu Habu: Lambar Wayar Ardo

Yau shekara biyar ke nan da rasuwar Kawu Habu, ƙanen mahaifiyata, kuma akwai maganar da ban taɓa faɗa masa ba.

Shi ne yake zagaya rugagen Gafasa a kan babur ɗin ofis, yana rubuta sunayen makiyayan da za a yi wa shanunsu rigakafi. Ni kuwa, da sabon digirina da girman kaina, ni na rubuta manhajar da ake zuba sunayen a Gaya. Na yi amfani da abin da muke kira hash map: kowane bayani da makullinsa, ka ba da makulli ya fito maka da mutum. Na sa lambar waya ta zama makulli, don a ganina ba a samun mutum biyu da lamba ɗaya.

Ranar rigakafi, a wata ruga mai gida tara, sunan mutum ɗaya ne ya fito. Allurar da aka kawo ba ta kai ko'ina ba. Shugabanmu ya tambaye ni a gaban jama'a, na ce kwamfuta ba ta ƙarya, abin da aka ba ta shi take bayarwa. Kawu ya dube ni ya ce, "Nasiru, wallahi na je rugar nan. Har fura na sha a gidan Ardo." Aka yi dariya, aka karɓe babur ɗin, aka sallame shi daga aiki.

Bayan wata biyu, ina bin manhajar layi-layi, na gano komai. Duk gidajen tara lambar Ardo suka bayar, don shi kaɗai ke da waya. Kowane sabon suna ya shigo sai ya danne na baya. Kawu ya rubuta su duka. Layi biyu na gyara, na ja bakina na yi shiru. Ya ƙara shekara guda a duniya, kullum muka gaisa sai ya ce, "Ya aikin kwamfuta?" Ina jin kunya har cikin ƙashina.

Yanzu ko mai kiwon awaki da wayarsa. Da Kawu yana nan, na san zai tsokane ni ya ce, "To, yau kam manhajarka ta huta." Bai iya riƙo ba, ni ne ban iya neman gafara ba.

'Ya'yansa sun tashi suna jin ana cewa an kori babansu saboda ha'inci. Don su na rubuta wannan, da duk wanda ya yi dariya ranar nan. Kawu Habu ya je rugar. Ya sha fura a gidan Ardo. Allah ya jiƙansa.