Kawu Dakta da San Huɗata

Ni ne mai laifi, kuma gara in faɗa da bakina, tunda rabin Yelwa sun ji ranar da na yi wa Kawu Dakta rashin kunya.

Kun dai san shi. Yayan Innata ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da likitancin dabbobi a jami'a, ya dawo gida da keke ɗaya da ma'aunin zafi a aljihun gaba, jere da biro. Ko Idi da abin yake zuwa. Wata rana limamin unguwarmu ya ce yana jin zazzaɓi, Kawu ya zaro, Liman har ya buɗe baki. Sai Kawu ya dakata.

"Allah gafarta Malam, rufe. Daga wurin akuyar Hajiya Kulu nake, kuma ba ta baki na auna ta ba."

Masu tsire kuwa, da sun hango kekensa sai su rufe hanta da takarda. Zai ɗaga yanka ɗaya ya duba a rana, ya girgiza kai. "Wannan saniya ta sha wuya. Ni ma so kake in sha?" Sai ya ce a ƙulla masa albasa da yaji. Albasa fa, jama'a!

Ɗan sakandare in ya faɗa hannunsa ya shiga uku.

"Mi za ka karanta?"

"Lauya, Baba."

"Madalla. In ka ci shari'a, takardar za ka dafa? Ga fadama daga nan har Wara tana jiran mai ilimi!"

Ina cikin masu dariya har ranar da ya kama ɗiyata Rabi. Ni aikin jinya na zaɓa mata. Kawu ya zaunar da ita, ta cike takardar jami'a da likitancin dabbobi. A wurin wani suna, gaban mutane, na ce masa, "Kai ka ƙare da hannu a gindin saniya, ita ma nan za ka kai ta?" Na daina gaishe shi. Duk hutun da ta zo sai in ce wannan ne na ƙarshe, ba za ta koma ba.

Tana aji huɗu, ruwan tabki ya ja baya, ciyawa ta fito shar a gaɓa. Na kora shanun huɗata biyu can, ina murna na sami kiwo kyauta. Kafin damina suka rame. Na ba su kanwa, na fasa musu kafso irin namu na mutane. Ɗaya ya mutu. Rabi, da ta zo hutu, ta ja fatar idon ɗayan, ta taɓa kumburin haɓarsa, ta ce, "Baba, tsutsar hanta ce, katantanwar gaɓa ke kawo ta. Bari in kira Kawu."

Ya zo, bai ko dube ni ba. Ya riƙe igiya, ita ta ɗura magani. Ina gefe ina murza hula.

"Kawu, ni dai..."

"Ba ni ka ba kafso ba. Fara da shi."

Wallahi sai da na durƙusa gaban san nan, maƙwabta na leƙe ta katanga, na ce, "Ka yi haƙuri." San ya yi atishawa. Kawu ya ce, "Bai gamsu ba, amma ya karɓa."

San ya tashi, ya yi mini huɗa. Rabi ta koma makaranta, ni na kai ta tasha. Amma girman kai ya hana ni ba Kawu nasa haƙurin sai da ciwo ya kwantar da shi.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka makwancinsa, Ya saka masa da tausayin da ya yi wa marasa bakin faɗa. Na gode wa Allah da na riske shi da ransa. Na kama hannunsa na ce, "Kawu, na zage ka a gaban jama'a, kuma kai ne da gaskiya. Ka yafe mini."