Kukan Motar Kawu

Da furfurata na bi wata mota da gudu jiya a unguwar Shisha, har takalmi ya cire, don kawai kukanta irin na motar marigayi Kawu ne. Tasa tsohuwar ƙirar Japan ce, injinta ba fistin, juyawa yake yi. Da ya sake mata salansa, duk unguwarmu ta Hindawiyya ta san fitarsa. Yakan tsiyaya baƙin mai cikin fetur, ya ce, "Ita ma ba ta cin gaya."

Da ciwo ya kwantar da shi, ni nake tayar da ita a gindin tagarsa, ya shaƙi hayaƙin yana murmushi. Allah Ya sanyaya makwancinsa. Tambayarsa ɗaya ce har yau ban amsa ba: "Ya walad, kai yaro, in ta daɗe shiru mutuwa take yi. Bayana wa zai riƙa tayar da ita?"