Gaurakar Kakanmu a Ɗaki Biyu

Shekarun baya, zamanin da naira take sabuwa a hannun mutane, ina ƙaramin akawu a Kaduna, duk ƙarshen mako nakan dawo gidanmu a Ƙofar Jatau. Mu dukawa ne kaka da kakanni. Ni kaɗai na kauce na kama biro, kuma a lokacin gani nake duk Zazzau ba wanda ya kai ni wayewa, tunda har taye nake ɗaurawa.

Kakanmu ya bar wani ɗan ƙarfe, tsawonsa bai fi yatsa ba, a bakinsa akwai zanen gauraka tsaye da ƙafa ɗaya. Idan an gama aiki sai a jiƙa fatar, a ɗora ƙarfen, a buga guduma. Duk wanda ya ga gaurakar nan ya san aikin gidanmu ne, ba ya ma jan ɗinkin ya gwada. Kafin tsohon ya rasu ya raba wa 'ya'yansa biyu sana'ar: mahaifina takalma, ƙanensa kuma, wato baffana da ke Ƙofar Galadima, jaka da gafaka. Ƙarfen ɗaya ne, yawo yake tsakanin gidajen biyu, mai bukata ya aiko a ba shi.

Sai wata magana ta shiga tsakaninsu a kan iyakar gonar gado a Kufena. Ranar da abin ya faru ƙarfen yana gidanmu. Baffa bai sake aikowa ba, mahaifina kuma bai aika ba. Shekaru suka shuɗe, ba sa haɗuwa sai wurin jana'iza. Jakunkunan baffa suka riƙa fita kasuwa ba tambari, masu saye su juya su, su ajiye.

Ana cikin haka na ci karo da takalman roba a kasuwar Sabon Gari, da gaurakarmu raɗau a jikinsu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na gaya wa mahaifina in ba a yi wa tambarin rajista a Ikko ba, wata rana wani zai riga mu, ya dawo ya hana mu abin kakanmu. Na kawo abokina, ɗan Wusasa, wanda ke aiki a ofishin wani lauya. Ya tuɓe takalmi a ƙofar zaure, ya durƙusa ya kwashi gaisuwa, sannan ya fara bayani.

"Baba, ba a rajistar tambari a kan komai da komai. Gwamnati ta kasa kayan duniya aji-aji, ku ɗauka gida ne mai ɗakuna talatin da wani abu. Ɗakin da kuka kama shi kaɗai ne naku."

"To, ina ɗakin fata?" in ji mahaifina.

"Ai ba ɗaya ba ne, Baba. Takalmi yana ɗaki ɗaya da hula da riga. Jaka tana wani ɗakin, ita da sirdi da bulala da laima."

Mahaifina ya ajiye basilla, ya yi dariya har da tari. "Takalmi da hula? Sun haɗa ƙafa da kai ke nan! Laima kuma me ya kai ta cikin dukawa?"

Ni ma na saki baki. Na kasa daina tunanin mutanen da suka zauna a wata ƙasa suka samar wa kowane kaya ɗaki, daga allura har jirgin sama. Amma mahaifina wani abu daban ya gani. Dariyar ta tsaya, ya ce a hankali, "Ikon Allah. Inda babanmu ya raba, nan su ma suka raba."

Abokina ya ba da shawarar da kowane mai gaskiya a aikinsa zai bayar. Ya ce a kama ɗakunan biyu gaba ɗaya da sunan mahaifina, domin in aka bar na jaka a buɗe, kowa na iya shigewa. Na gyara taye na ce wannan shi ne daidai.

"In na kama na jakar," in ji mahaifina, "wa ke da ikon buga gauraka a jikin jaka?"

"Ku kaɗai, Baba, sai wanda kuka yardar wa."

"Har ƙanena?"

"Har shi. Sai da izininku."

Na san mahaifina, mutum ne da ba ya mance magana, kuma ga hukuma da kanta ta miƙo masa abin da zai gama da baffa, ba tare da ya ɗaga murya ba. Ya daɗe yana juya ƙarfen a tafin hannu. Can ya tambayi abokina ko ana iya sa sunan mutum biyu, kowa da ɗakinsa. Abokina ya ce ana iyawa in duk sun amince, amma sai mai jakar ya sa hannu da kansa.

Mahaifina ya miƙe, ya jefa ƙarfen a aljihu, ya ce mu biyo shi. Da ƙafa muka ratsa lunguna da la'asar sakaliya, mutane na gaishe shi suna bin sa da kallo, don kowa ya san hanyar da ya daina bi.

Mun tarar da baffa a zaurensa yana yankan fata. Da ya ɗago ya ga wanda ya yi sallama, wuƙar ta tsaya a hannunsa.

"Yaya? Lafiya? Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Gwamnati ce ta ce gaurakar Baba ɗaki biyu gare ta. Na kama nawa. Naka yana nan a buɗe, ka zo ka shiga kafin baƙo ya riga ka."

Ya ciro ƙarfen ya ajiye a kan tabarma. Baffa ya sauko da wata gafaka ja da ke rataye, ya shafa mata ruwa, ya ɗora ƙarfen. Ya ɗaga guduma, amma ta kasa sauka daidai. Mahaifina ya tsuguna ya riƙe masa ƙarfen, shi kuma ya buga.

Takardun sun daɗe kafin su iso daga Ikko, guda biyu, kowacce da sunan mai ita. Masu takalman roba suka janye bayan lauya ya rubuta musu. Iyakar gonar Kufena kuwa, ban sake jin wanda ya tayar da ita ba.

Yanzu in matasa suka tambaye ni wane aji za su zaɓa wajen rajistar tambari, nakan ce su duba abin da suke yi da wanda suke shirin yi, kada su bar ɗakinsu a buɗe. Amma nakan ƙara da cewa su leƙa su ga ko akwai mai haƙƙi a ɗakin da ke kusa. Har yau ina mamakin mutumin da aka ba dama irin wannan, yana cikin fushi, ya ɗauki rabonsa kawai.

Mahaifina da baffa duk sun riga mu gidan gaskiya. Jar gafakar tana wurina. Gaurakar da ke jikinta ta ɗan karkace, kuma a duk waɗanda aka buga a gidanmu ita na fi so.