Kwana Uku Ina Ɓoye Masassara

Ranar biyu ga azumin 2020, da hantsi, ina tsugune bakin randa a gidanmu na Talladjé ina shafa ruwa a goshi, don kada Inna ta taɓa ni ta ji zafi. Shekarata goma sha ɗaya. Jikina kamar garwashi, haƙorana na kaɗawa, amma na ɗauki tsintsiya na share tsakar gida tas, har da 'yar waƙata.

Lokacin an rufe lakwal, wato makarantar boko, saboda korona. Babu langa, babu 'yar gala-gala a ƙofar gida, sai wanke-wanke, tsintar shinkafa da ba awaki dusa. Salular Inna ce ta maye mana gurbin wasa. Takan jingina ta da turmi ta saki muryoyin da matan unguwa ke turo mata, da ƙarfi kamar mai shela. Wata ta rantse an zo da mota an ɗauke maƙwabcinta don kawai ya yi tari. Wata ta ce wanda aka ɗauka ba ya dawowa, ko gawarsa ba a ba dangi, a leda ake binne shi. Inna ta yi salati, ta ce, "Allah ya raba mu da gani," ta danna ta gaba. Manya su ji, su yi jimami, su koma hirar tsadar sukari. Ni kuwa kowace kalma zama take yi daram a cikina. Wa ya tuna da yarinyar da ke gefe tana tsintar tsakuwa a tire?

Shi ya sa da masassara ta kama ni na ƙudurta ba mai ji. In tari ya taso, in ruga makewayi in toshe baki da zane. In na ji jiniya a titi, in ce tawa ce ta iso. Da Inna ta ga na ƙi abinci, na ce azumi nake gwadawa, har ta sa mini albarka. Wallahi wannan albarkar ta fi komai yi mini ciwo.

A kwana na uku na yanke jiki na faɗi da bokiti a bakin famfo. Na farka a asibitin unguwa ana ƙara mini ruwa. Ashe ba korona ba ce, masassarar cizon sauro ce, wadda na saba yi a ba ni ƙwaya ta wuce. Malamar asibitin ta dubi Inna ta ce, "Hajiya, da kun ƙara kwana guda, da ba wannan maganar muke ba."

Inna ta riƙe hannuna. "Hadiza, don me ba ki faɗa mini ba?"

Na ce, "Kada su tafi da ni su hana ki gawata."

Ban taɓa ganin Inna ta yi kuka irin na ranar ba.

Yau an manta da korona, yara sun cika titin unguwarmu da ihu, ni ma na girma. Amma ko atishawa na yi, Inna sai ta tsare ni da ido ta tambaye ni sau uku, in na ce "lafiya lau" ta ci gaba da kallona. Ina kewar lokacin da in na faɗa mata sau ɗaya yake isar ta.